Kafin Kwamfutar Baba Ta Tashi

Akwai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran rubutu a gidan jarida. Duk labarin da za a buga sai ya bi ta ƙarƙashin jan bironsa. A gida ma bai canja hali ba. Idan ɗansa ya turo masa saƙon gaisuwa, sai ya amsa, sannan ya ƙara da cewa an manta waƙafi a layi na biyu. 'Ya'yansa suna ce masa Baba, maƙwabta kuwa Edita suke kiransa, ko da yake bai taɓa riƙe wannan kujerar ba.

Bayan ya yi ritaya, wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da yake da sauran shan ruwa a gaba, ya tashi. Amma hannun dama ya daina aiki, harshe ma ya yi nauyi. Hankalinsa garau, yana ji, yana gane komai. Sai dai idan ya buɗe baki, kalmar takan maƙale a hanya, ko ta fito ba yadda ya aiko ta ba.

Ya gwada rubutu da hagu, ko shi kansa bai iya karanta abin da ya rubuta ba. Abin da ya rage masa shi ne tsohuwar laftof ɗinsa, baƙa mai nauyi, wadda haruffan maɓallanta suka goge saboda yawan dannawa. Shi kuwa ba ya buƙatar ganinsu, yatsunsa sun san mazaunin kowanne. Wata ma'aikaciyar asibiti ta saita masa ita, ta ƙara girman rubutu, ta sa maɓalli ba ya maimaita harafi ko da yatsa ya yi rawa a kansa. Daga ranar kwamfutar nan ta zama bakinsa.

Matsalar ita ce bakin nan ma ya tsufa.

Idan ya kunna ta, sai ta yi ta gurnani a ciki, wata 'yar da'ira tana ta juyawa a fuskarta. Kafin shafin rubutu ya buɗe, an zuba shayi an shanye an wanke kofi. Ko ta buɗe, wani lokaci sai ta sandare a tsakiyar jimla. Barinta a kunne kuma ba ya yiwuwa, don batirin ya mutu, ƙanwarsa da suke zaune tare, wadda yaran ke kira Goggo, ba ta yarda a bar komai a jikin wuta.

"Abin nan zafi yake kamar dutsen guga," in ji ta. "Ba za ka ƙona mu muna zaune ba."

Baba yana da 'ya'ya biyu. Babban namiji ne, manaja a wani kamfanin sufuri, mutum mai son iyayensa amma ba ya iya zama wuri ɗaya. Kowa a gidan Yaya yake ce masa. Ƙaramar kuwa Auta, tana aiki a ɗakin gwajin jini, tana da aure da yara biyu, amma sunan auta bai sake ta ba.

Yaya ne ya fara neman mafita. Ya sayo wa Baba wata siririyar na'ura mai faɗi, irin wadda ake shafawa da yatsa. Baba ya gwada, yatsansa ya taɓa haruffa uku a lokaci ɗaya. Ya sake gwadawa, shafin ya ɓace gaba ɗaya. Ya mayar da ita cikin kwalinta, ya tura gefe.

Abin ya sosa wa Yaya rai. A mota ya ce wa Auta, "Tsohon nan rigima yake ji. Ka kawo masa sabo dal, ya ce sai gwangwaninsa."

Ba a jima ba Baba ya zame a banɗaki. Bai ji ciwo sosai ba, amma hankalin kowa ya tashi. Yaya ya tara su a falo, ya zauna a hannun kujera da makullin mota a yatsa.

"Baba, na gama magana da matata. Za ka koma wurina. An gyara ɗakin ƙasa, na samo mai jinya. Goggo kuma ta huta, ta koma wurin ɗanta, dama ya daɗe yana roƙo. Gidan nan sai a rufe. Ka yarda?"

Baba ya jawo kwamfuta, ya danna maɓallin kunnawa.

Gurnani ya fara. Yaya ya duba agogo. Wayarsa ta yi ƙara, ya fita baranda ya amsa, ya dawo, da'irar tana nan tana juyawa. Auta ta dafa kafaɗar mahaifinta.

"Na san abin da zai ce," in ji ta. "Littattafansa ne. Kada ka damu Baba, duk za a kwashe maka."

"To shi ke nan, an gama," in ji Yaya. "Ƙarshen mako mai zuwa zan turo mota."

Suka yi sallama suka fita. Suna rufe ƙofa shafin ya buɗe, fari tas. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe murfin a hankali.

Daga ranar bai ƙara buɗe ta ba. Abinci ma sai ya tsakura ya ture.

Goggo ce ta kira Auta. "Ki zo ki ga ubanki. Ni dai ban gane masa ba. Ko faɗa ya daina yi da ni."

Ranar hutunta Auta ta zo da hantsi. Ta tarar da shi a bakin taga yana kallon titi. Ta gaishe shi, ya gyaɗa kai. Ta ɗauko kwamfutar da kanta, ta jona, ta ajiye a gabansa.

"Baba, me ke damunka? Yau ba inda za ni. Sai na ji daga bakinka."

Ya kalle ta kamar bai yarda ba, sannan ya danna maɓallin.

Auta ta zauna. Ba ta taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. Sau biyu bakinta ya buɗe zai faɗa masa abin da take zaton zai ce, tana kama kanta. Ta ji ƙarar da ke fitowa daga cikin kwamfutar, ƙit, ƙit, ƙit, kamar ana taunar tsakuwa. Ta ga yadda yatsansa ke tsaye a kan maɓalli, a shirye, yana rawa. Da shafin ya buɗe, ya danna haruffa, ba su fito ba. Can sai suka zubo gaba ɗaya.

Ta leƙa ta karanta: "Na manta abin da kika tambaya."

Ta fashe da dariya, shi ma gefen bakinsa ya ɗaga. Sai ta daina dariyar. Ta tuna sau nawa ta tambaye shi abu, ta amsa da kanta, ta tashi ta tafi.

Da yamma ta biya shagon wani mai gyaran kwamfuta da ke kusa da wurin aikinta, mutum mai ƙiba da fara'a, gilashinsa a kan goshi. Ta yi masa bayani, har da ƙarar da ta ji.

"Faifan ajiyarta ne ya gaji," in ji shi. "Irin na da ne, faifai ne na gaske a ciki yana juyawa, da ɗan hannu yana bin sa yana neman abin da aka tambaya. Idan ya fara wannan ƙarar, to sallama yake yi. Akwai wani iri da ake kira SSD, shi ba abin da ke motsi a cikinsa. Idan aka sa mata, za ki rantse wata ce aka kawo."

"Komai nasa zai dawo yadda yake? Girman rubutun, da yadda aka saita maɓallan?"

"Idan aka kwafe tsohon gaba ɗayansa zuwa sabon, ko hoton bangon ba zai canja ba. Kawo ta ki bar min ita."

A nan aka samu cikas. Da Auta ta faɗa wa Baba za a tafi da kwamfutar shago, sai ya ɗora hannunsa na hagu a kan murfin ya danne. Ta lallashe shi, ya girgiza kai. Ta gane. Wa zai yarda a tafi da bakinsa a ajiye a kanta?

Ta koma wurin mai gyara. Ya yi dariya ya ce, "To ke za ki yi aikin. Wadda ke neman jijiya a hannun jariri ba za ta kasa kwance noti ba." Ya ba ta SSD ɗin, ɗan abu mara nauyi da bai kai faɗin tafin hannu ba. Ya ara mata ƙaramin sukudireba da wata gajeriyar waya ta haɗa sabon da kwamfutar. Ya nuna mata manhajar da ke kwafewa. "Amma kafin komai, ki fara kwashe muhimman abubuwansa ki ajiye a wani wuri daban. Faifan da ke wannan kukan ba a ba shi amana. In kin maƙale, ki kira ni."

Washegari da safe ta shimfiɗa tawul a teburin cin abinci. Ta fara kwashe rubuce-rubucen Baba da hotunan iyali, ta ajiye a gefe kamar yadda aka ce. Sannan ta jona sabon, ta sa manhajar ta fara aiki. Wani koren layi ya bayyana, yana tafiya kamar ba ya so.

Goggo ta zo wucewa ta miƙa hannu wajen soket.

"Goggo!" Auta ta yi tsalle. "Don girman Allah yau kada ki taɓa wayar nan."

"To, to. In mun ƙone ai kin san wanda za a tambaya."

Layin ya kai kusan rabi, sai ƙarar nan ta dawo, ƙit, ƙit. Komai ya tsaya. Wani jan rubutu ya fito cewa an kasa karanta wani sashe na faifan. Auta ta matso ta karanta. Ta kalli Baba, ta ga shi ma jan rubutun yake kallo.

Ta kira mai gyara.

"Na yi zaton haka," in ji shi. "Wasu wurare a faifan sun lalace. Hanya biyu ce. Ko ki sa sabon a kwamfutar, a zuba mata komai daga farko, yanzu-yanzu ki gama, amma duk saitin da aka yi masa ya tafi. Ko ki sake farawa, ki ce wa manhajar ta bi a hankali, ta tsallake inda ya lalace. Wannan zai iya cin yinin nan kaf, kuma ban yi miki alkawarin zai yi ba."

Tana ajiye waya Yaya ya kira. Ya ji abin da take yi, ya yi tsaki.

"Auta, ke ma kin shiga wasan? Mutum zai tashi daga gidan nan, maimakon ki haɗa masa kaya kin zauna kina tiyatar gwangwani. Ki bari, idan ya zo nan zan saya masa sabuwa fil."

Maganar ta ɗan shige ta. Ga yara za su taso daga makaranta, ga wanki na jiranta a gida, ga bayanta ya fara ciwo. Ta kalli Baba. Yau ba shi da ko bakin aro, kwamfutar tana kwance a tebur, ba zai iya cewa ta ci gaba ko ta bari ba. Idanunsa kawai ke kanta.

"Yaya, zan kira ka anjima," ta ce.

Ta kira mijinta ta roƙe shi ya ɗauko yara. Sannan ta zaɓi hanya ta biyu.

Yinin nan ya yi tsawo. Layin yakan tsaya cak har ta fitar da rai, sai ya ɗan motsa. Ta yanke wa Baba farce. Ta karanta masa jarida, duk inda ta ci karo da kuskure sai ya buga tebur da yatsa, ta koma ta nemo shi. Da rana ya ci abinci fiye da yadda ya saba, wataƙila don ba wanda ke tsaye a kansa yana jiran kwano. Da la'asar ta yi, rana ta karkato ta taga, layin ya cika.

Ta kashe kwamfutar, ta cire caja, ta zare batir, ta kifa ta a kan tawul. Baba ya riƙe mata fitilar waya da hagunsa. Hasken yana rawa, ta yi aikinta a haka. Ta kwance notunan murfin baya tana jefa su a faranti. Ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera, sai da ta rarrafa ta lalubo shi. Ga tsohon faifan nan kwance a cikin ɗan gidansa na ƙarfe. Ta ja shi baya a hankali har ya saki, ta kwance shi daga gidan, ta ɗaura sabon a madadinsa, ta tura har ta ji ya zauna. Ta mayar da murfi da batir, ta jona caja.

"Baba, kai za ka kunna."

Ya danna. Auta ta juya za ta zuba ruwa a kofi, don ta saba akwai lokaci. Ruwan bai kai rabi ba ta ji bugun maɓalli a bayanta. Ta waiwaya. Shafin a buɗe yake, manyan haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne a lokacin da aka danna shi. Ba gurnani, ba ƙara.

"Allah ya yi miki albarka. Kira min yayanki."

Yaya ya iso bayan an tashi daga aiki, yana tsammanin za a nuna masa abin mamaki ne ya yaba ya tafi. Bai ma zauna ba.

"To Baba, an ce ta warke. Madalla. Maganar mota dai tana nan, ko?"

Kafin ya rufe baki Baba ya fara bugawa. Kwamfutar ta yi sauri, amma yatsa ɗaya ne ke aikin, kuma yatsan bai canja ba. Yaya ya buɗe baki zai ƙara magana, Auta ta riƙe masa hannun riga.

"Bai gama ba," ta ce.

Ta karanta a bayyane: "Zauna."

Yaya ya zauna.

"Ban ƙi gidanka ba. Na gode. Amma akwai maganar Goggonku. Ku tambaye ta ko ta yarda in faɗa."

Goggo tana tsaye a ƙofar kicin. Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Faɗi mana. Dama na san ranar da abin nan ya samu lafiya asirina ya tonu."

Baba ya ci gaba, Auta tana karantawa, muryarta tana raguwa.

"Idanunta sun kusa tafiya. Tun bara. Gidan nan take gani da ƙafa da hannu, ta san inda komai yake. Ni nake duba mata magani, in ta ɗauki wanda ba shi ba in buga tebur. Ita take juya ni da safe. In kun raba mu, ni zan samu mai jinya. Ita za ta samu baƙon gida mai bene, kuma ba za ta faɗa wa kowa cewa ba ta gani ba."

Yaya ya juya ya kalli Goggo, kallon da ya daɗe bai yi mata ba. Sai yanzu ya lura da farin da ya rufe ƙwayar idonta, da yadda take fuskantar inda murya ta fito maimakon fuskar mai magana.

"Goggo, me ya sa kika ɓoye?"

"Kuna fama da mara lafiya ɗaya, in ƙara muku na biyu?"

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya kashe ta, ya kifa ta a kan tebur. Ya matso kusa da mahaifinsa har gwiwoyinsu suka haɗu.

"Baba, kai kuma me ya hana ka faɗa mana tuntuni?"

Yatsan ya yi tafiyarsa a hankali. Wannan karon ba wanda ya motsa.

"Na faɗa. Kun riga kun tashi."

Yaya ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ka yafe mana, Baba. Yanzu faɗa min yadda kake so a yi. Ina nan."

Sun daɗe a wurin. Baba yana bugawa, suna jira, suna amsawa. Aka fasa rufe gida. Yaya ya sa aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki da zaure, mai jinyar da ya samo ta riƙa zuwa da rana. Shi da kansa ya kai Goggo wurin likitan ido. Aka ce yanar ido ce, kuma ana cire ta.

Bayan an yi aikin an kwance bandeji, aka dawo da ita gida. Ta tsaya a tsakar falo tana kallon labule, da bango, da fuskokin jikoki, tana ta hamdala. Ta ƙi yarda ta kwanta, ta shiga kicin ta haɗo wa Baba shayi da hannunta. Ya kurɓa, ya ajiye, ya jawo kwamfuta ya buga wani abu. Auta ta matso za ta karanta kamar yadda ta saba.

"Matsa can," in ji Goggo. "Yau da idona zan ji shi."

Ta sunkuya, ta bi manyan haruffan da yatsa: "Tun bara gishiri kike zuba min wani lokaci. Ban so in karya miki zuciya ba."

Goggo ta dafe ƙirji. "Kai! Ka sha gishiri shekara guda ka yi shiru?"

Gidan ya kaure da dariya. Baba ma ya yi, da sauti, irin wadda ba su ji daga bakinsa ba tun kafin ya kwanta.

Darasi: Ba duk wanda ya yi shiru ne ya rasa abin faɗa ba, wani lokaci mu ne ba mu tsaya ba. Abin da ke gyaruwa, mu gyara shi da haƙuri ko da zai ci mana yini. Abin da ba ya gyaruwa, kamar nauyin harshen dattijo da rawar yatsansa, mu zauna mu jira shi ya gama. Kafin ka yanke wa wani hukunci don kana sonsa, ka tabbata ka ji ta bakinsa. Idan akwai wanda ka saba ƙarasa wa magana a gidanku, yau ka bar shi ya ƙarasa da kansa, sannan ka tura wa 'yan uwanka labarin nan su ma su karanta.